Jakar Tsohuwar Nan

Ba zan taɓa mantawa da teburin ƙarfen nan da ake zazzage kayan matafiya a kai a filin jirgi ba, duk da Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau idan na ji ƙarar zuge zif ɗin akwati sai gabana ya faɗi. Ban taɓa ba wa kowa labarin nan cikakke ba, har matata. Abin da na gaya mata shi ne an ɗan tsayar da mu, wanda gaskiya ne, irin gaskiyar wanda gidansa ya ƙone ƙurmus ya ce an ɗan yi hayaƙi.

Ni ma'aikacin jinya ne. Nas, idan za a faɗi gaskiya, amma daga Gyadi-Gyadi inda aka haife ni har Tarauni inda nake zaune da iyalina, Dokta ake ce min, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ni ne auta a wajen Inna, kuma ni ne mai farar riga a gidan, saboda haka duk wata takardar asibiti hannuna take fara zuwa. Haka sakamakon gwajin Inna ya zo hannuna, na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa.

Na tara yayyena a soro na yanke hukunci: kada wanda ya gaya mata. Gyambon ciki za a ce. Yaya Binta, babbarmu, wadda take zaune da Inna tun rasuwar mijinta, ta ce, "Auta, Inna fa ba yarinya ba ce." Na ba ta amsa da Turanci mai tsawo a kan yadda damuwa take karya garkuwar jiki (rabinsa a lokacin nake ƙirƙira), ta ƙyale ni. Aka tsayar da magana za a kai Inna Masar a gwada sa'a, ni zan raka ta. Wa kuma zai raka ta in ba Dokta ba?

Duk wanda ya taɓa shirin fita waje daga Kano ya san abin da yake biyo baya. Kai ba ka gaya wa kowa ba, amma gari ya ji. Saƙo ya fara zuwa. Wata maƙwabciyarmu ta kawo daddawa da kuka a kai wa ɗanta da yake karatu a can. Wani dattijo, abokin marigayi Babanmu, ya taso tun daga Darmanawa da ƙunshin kilishi. Wata ta zo daga Unguwa Uku da yaji a robar man shafawa. Ni kuwa na sha kallon labaran nan a waya, na mutanen da aka ba su saƙo suka karɓa da zuciya ɗaya, aka buɗe a filin jirgi aka ga ƙwaya, suka ƙare a kurkukun ƙasar da ko gaisuwarsu ba su iya ba. Tsoron abin ya shige ni har ƙashi. Amma maimakon in ce tsoro nake ji, sai na mayar da shi wa'azi. Duk wanda ya zo sai na zaunar da shi na yi masa bayanin dokokin ƙasa da ƙasa, sannan na mayar masa da kayansa. Dattijon nan ya saurare ni har ƙarshe, ya naɗe kilishinsa, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi." Na ce amin, ban ma gane ba.

Akwati ɗaya babba muka yi ni da Inna. Ni na shirya shi da hannuna, na rubuta duk abin da ke ciki a takarda, har yawan safa, na sa kwaɗo na jefa mukullin a aljihu. Da safen ranar tafiya Yaya Binta ta ce in ba ta mukullin, Inna tana so a canza mata mayafi. Na ba ta, tare da gargaɗin kada a ƙara ko allura. Ta ce to.

Bayan azahar muka isa filin jirgi. Ina sanye da shadda mai sitaci, fayil ɗin asibiti a hammata, ina tura Inna a keken marasa lafiya. Ta rame sosai a lokacin, zoben hannunta ma sai da aka naɗa masa zare. A gabanmu a layi akwai wani bawan Allah da aka buɗe jakarsa aka tarar man shanu ya tsiyaye a kan kayansa, yana ta rantse-rantse. Na dube shi na girgiza kai, har na sunkuya na ce wa Inna, "Kin ga irin abin da nake faɗa."

Jami'in da ke kan teburin dattijo ne, baƙi, mai furfura a gemu, ba ya da yawan magana. Ya ce, "Malam, kai ka haɗa kayan nan?"

"Da hannuna," na ce. "Ga ma takardar abin da ke ciki. A bincika da kyau, Yallaɓai, irin aikinku ne yake kare mutuncin ƙasa."

(Ba wanda ya tambaye ni wannan. Ni dai bakina ba ya iya zama.)

Ya ɗaga zannuwa, ya ɗaga magunguna, ya duba takardar likita. Sai na ga hannunsa ya tsaya a ƙasan akwatin, yana dannawa. Ya zuge zif ɗin shafin nan na ciki, wanda ni ban ma san ana buɗe shi ba, ya zaro ƙunshi uku. Ɗaya babba mai faɗi, biyu ƙanana kamar dunƙulen hannu. Dukkansu an naɗe su da baƙar leda, an bi su da salatif an ɗaure tam, babu ko kafar iska. Sak irin waɗanda nake gani a waya, a jere a kan tebur, mai su a tsugune a gefe da ankwa.

"Wannan fa? Ban gan shi a takardarka ba."

Ya ɗauko reza ya tsaga ɗaya daga ƙananan, wani koren gari ya zubo a kan ƙarfen. Ya tsaga na biyu, sai ga farin abu ƙulu-ƙulu. A layin bayanmu aka fara ƙus-ƙus. Na hango mai man shanu ya dawo yana leƙe. A cikin abin da bai fi ƙiftawar ido ba na ga komai: aikina ya tafi, hotona yana yawo a wayoyin mutanen Tarauni, 'ya'yana ana nuna su a makaranta. Abin da ban gani ba, ko sau ɗaya, shi ne matar da ke zaune a keke a gabana.

Na saki keken. Na ja da baya taku uku, na ɗaga hannuwa sama, fayil ya faɗi ƙasa. Da muryar da har na bakin ƙofa sai da suka ji na ce, "Wallahi ba nawa ba ne. Ni ma'aikacin lafiya ne, ga katina. Jakar tsohuwar nan ce, ita za ku tambaya."

Tsohuwar nan. Ban ce Inna ba, ban ce mahaifiyata ba. Har da nuna ta da yatsa, kada a yi kuskure a kama wani.

Jami'in bai ko dube ni ba. Ya ɗauki ɗaya daga fararen ƙulallan ya kai hanci, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya shafa koren garin a yatsa, ya shinshina. Sannan ya ajiye rezar, ya warware babban ƙunshin da hannu, a hankali. Farin yadi ne sabo, an yanka shi an ninke, da 'yar kwalbar turare a tsakiya. Lokacin ne warin ya iso inda nake tsaye. Kafur ne. Koren garin kuma ganyen magarya ne da aka daka, na wankan gawa. Ni da na sha rufe idon mamata a asibiti, ni ne na ƙarshe da ya gane likkafani a wurin nan.

Ya cire hularsa ta aiki, ya zagayo ya rusuna a gaban keken. "Hajiya, naki ne?"

"Nawa ne, ɗan nan," in ji Inna. "Guzurina ne. Ni na sa aka ɓoye, don kada yaron ya gani hankalinsa ya tashi."

"Wannan malamin, me kuke da shi?"

Inna ta juyo ta dube ni. Hannuwana har lokacin suna sama, na manta ban sauke ba. Na so a ce ta zage ni. Na so a ce ta ce ba ta san ni ba, da mun yi kunnen doki.

"Autana ne," ta ce. "Kada ka ga laifinsa, tsoro ne. Tun yana ƙarami haka yake, ko akuya ce ta yi atishawa sai ya ruga."

Wata mata a layi ta ja tsaki mai tsawo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi min sauƙi. Jami'in ya tattara garin magaryar da gefen hannunsa, bai bar ko kaɗan a kan teburin ba, ya samo sabuwar leda ya ƙulla. Ya ninke likkafanin yadda ya same shi, ya mayar, ya rufe akwatin. Ya yi wa Inna addu'ar samun lafiya. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, za ka tura mahaifiyarka, ko in samo mata wani?"

Na tsinci fayil ɗina na kama keken. Na tura ta har ɗakin jira.

Mun fi rabin awa a zaune. Ina kallon takalmina, ita tana jan carbi. Daga baya na ce, "Inna, yaushe kika sani?"

"Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo," ta ce. "Kuma kai da ba ka iya zaman minti biyar a ɗakina, sai ga ka kullum kana cire takalmi kana tambayata labarin ƙuruciyata. Gyambon ciki ne zai sa ka haka? Na bar ku ne kawai, na ga abin yana kwantar muku da hankali."

"To me ya sa za ki ɗauko wannan?"

"Idan ta Allah ta kasance a can fa? Kai kaɗai ne, ba ka jin Larabci. Ina za ka samo magarya a garin mutane? Ba na so ka tsaya a titi da fayil a hannu kana kuka."

Wato duk kwanakin da nake yawo ina taƙama ni nake ɓoye mata mutuwarta, ita tana zaune tana shirya yadda mutuwar ba za ta wahalar da ni ba. Hawaye suka zubo min, a gaban mutane, da shaddata da komai. Na durƙusa a gefen keken na ce, "Inna, abin da na faɗa ɗazu..."

"Me ka faɗa? Kunnen nan ba ya ji sosai yanzu. Miƙo min ruwa."

Matar da take jin raɗa daga soro tana ƙuryar ɗaki, wai ita ce ba ta ji. Na miƙa mata ruwan. Sau uku na sake gwadawa, a jirgi, a asibitin can, da bayan mun dawo, kullum sai kunnen ya ƙi ji. Ban sani ba ko yafiya ce ta yi min tun kafin in roƙa, ko kuwa abin ya yi mata ciwon da ba za ta iya bari a sake faɗarsa ba. Wannan rashin sanin shi ne yake cina har yau.

Sati uku muka yi, likitocin can suka faɗi abin da na riga na karanta a Kano. Muka dawo da akwatinmu da abin da ke ƙasansa. Bayan wata biyar Inna ta rasu a ɗakinta a Gyadi-Gyadi, da hantsi, kanta a cinyar Yaya Binta. Ba a je kasuwa neman komai ba.

A zaman makoki na zauna a tabarma ina karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Dokta, ka yi wa mahaifiyarka komai. Har ƙasar waje ka kai ta. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka." Yaya Binta ma haka take faɗa wa mata a cikin gida, don Inna ba ta taɓa gaya mata abin da ya faru ba. Ta tafi da shi, ta bar ni da yabo. Na amsa amin ya fi sau ɗari, kowace kamar ina haɗiye ƙaya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na daina yi wa masu kawo saƙo wa'azi. Yanzu cewa nake tsoro nake ji, kuma sun fi ganewa. Na daina ɓoye wa tsofaffi abin da ke jikinsu. Sannan idan ana hira a majalisa wani ya bugi ƙirji ya ce shi a kan uwarsa ba abin da ba zai iya ba, ko wuta ce zai shiga, ba na yi masa musu. Ni ma na faɗa, kuma da gaske nake a lokacin. Addu'a kawai nake masa a zuci: Allah ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa kada a taɓa tsaga masa baƙar leda a gaban jama'a.