Hancin Jirgin Kyaftin Hodi

Duk Birnin Kebbi babu wanda ya san sararin samaniya kamar Alhaji Hodi. Ya taɓa shiga jirgi, zuwa da dawowa, shekarar da ya sauke farali, kuma Allah ya nufa kujerarsa ta faɗo daidai fiffike. Abin da wasu ke kwashe shekaru suna karantawa, shi ta taga ya haddace. Da ya yi ritaya daga ofishin da ya tsufa yana buga hatimi, sai ya sanar da 'yan majalisarsu cewa zai ƙera jirgi a tsakar gidansa. Tun ranar ya hana a ce masa Alhaji, sai Kyaftin. 'Yan unguwa, saboda tsabar girmamawa, suka ƙara masa da Na-Sama.

Gangar jirgin ba ta ba shi wahala ba: bututun ƙarfe, falanki, da tsohuwar kujerar mota. Injin kuwa na ban ruwa ne, irin wanda ake tayarwa da igiya. Ya kwanto shi daga gonarsa ta Zauro ana tsakiyar noman rani, ya bar shinkafar ita ma ta koyi kallon sama.

Inda basirar ta taru shi ne murfin da zai rufe injin, wato hancin jirgi.

"Kowane mai walda ya iya fiffike," in ji shi, yana nuna majalisa da guduma. "Amma hanci? Nan ilimi yat tsaya. Wanga aiki ba na yara ba ne."

Ya yi tattaki har Argungu ya sayo kan kifin giwan ruwa, domin a bincikensa babu halittar da ta kai ta iya ratsawa. Ya ɗora kan a tebur yana aunawa da zare, har matarsa Laure ta koma girki a gidan maƙwabta, kyanwoyin unguwa kuma suka zama almajiransa na farko. Daga nan ya gina siffar da lakar fadama, ya kifa farantin alminiyum a kai, ya shiga bugu da gudumar katako. Nan ya lotsa, can ya kumbura, ya sake. Da damina ta kawo kai sai ga hanci sumul. Ya goge shi da toka har ya fara ganin fuskarsa a jiki, kuma daga ranar aiki ya rage sauri, don ba kullum mutum ke samun abin kallo irin wannan ba.

Ban da 'yar kafar farfela, bai yarda ya huda ko'ina ba. Huji a wurinsa zubar da mutunci ne. Ya kifa murfin a kan injin, ya bi shi da ƙusa zagaye, ko allura ba ta shiga.

Ranar gwaji aka kafa rumfa a wani fili kusa da Zauro, aka jera kujeru. Kyaftin ya yi jawabi mai tsawo, ya yafe wa waɗanda suka yi masa dariya, ya roƙi jama'a kada su firgita idan ya ɓace musu a gajimare. Sannan ya ɗaga hannu.

"A tada inji!"

Aka zagaya jirgin, aka sake zagayawa. Igiyar tana ciki.

"Da gangan ne," in ji Kyaftin. "Sabadda ɓarayi."

Wani ya kawo almakashin ƙarfe, Kyaftin ya ce sai dai a yanka shi, ba hancin ba. Ya sa aka aro turmi, ya hau da babbar rigarsa, ya cusa hannu ta kafar farfela har kafaɗa. Ya lalubo igiyar, ya yi bisimilla, ya fizga. Injin ya yi tari guda. Turmi ya mirgine. Kyaftin ya taho ƙasa, hancin ya biyo shi a yage, kafaɗa ta goce.

Yanzu yana kwance a falo da ɗauri, yana karɓar 'yan jaje, yana ba su labarin yadda ya tsira daga haɗarin jirgin sama. Gwaggonsa Inno, da ta taso tun daga Gulma, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ɗana! Daga can bisa kah hwaɗo?"

Kyaftin ya lumshe ido, ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki Laure ta ajiye kwanon fura a gaban tsohuwar.

"Awo, Inno," ta ce. "Daga bisa turmi."