Lallen Hassana

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai ƙarar kaina Gwandu ba, da ƙafata, da man motata.

Tagwaye gare mu, Hassana da Usaina, lokacin watansu goma. Matata ma'aikaciyar jinya ce, tun da sassafe take fita. Ni kuwa aikina a kwamfuta yake, daga ɗakina a Kalgo nake yinsa. Mai renon yaran ita ce Goggo Dije, wata dattijuwa 'yar Dangoma da mahaifiyata ta samo mana. Da kuɗin renon nan take riƙe jikokinta marayu uku.

Rannan sai wayo ya ciyo ni. Na ce tunda wuni nake a gida, ai rabin renon ni nake yi, don me za a biya albashi cikakke? (Renon nawa kuwa bai wuce in leƙo in ce "'yan biyu kyautar Allah", in koma in ja ƙofa ba.) Na gaya wa Goggo daga sabon wata zan rage kashi ɗaya cikin uku. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, Baban Biyu. Sai dai in koma gida in kama surfe, don abin da ya rage ba ya riƙe mu." Matata ta ce ba ruwanta, in je in faɗa wa wadda ta kawo ta.

Muka ɗunguma Gwandu wurin mahaifiyata, har da Goggo da yaran. Na zauna gaban Inna da ƙannena mata biyu, na baje hujjoji kamar lauya. Inna tana tsinkar zogale, ba ta katse ni ba har na gama. Sannan ta ce, "Madalla da uba mai reno. Miƙo mani Hassana in gani."

Yaran suna zaune a tabarma, kaya iri ɗaya. Na dubi wannan, na dubi waccan. Na yi bisimilla a zuci, na ɗauki ta dama.

"Wagga Usaina ta," in ji Goggo a hankali.

Ƙannena suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Goggo ta ɗaga hannun ɗayar, ɗan ƙaramin yatsan ja wur da lalle. Ta ce, "Duk Juma'a nike ƙunsa mata, don kai. Tun randa ka ba guda koko sau biyu, gudar ta wuni tana kuka. Na gaya maka, kana danna waya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Inna ta tambayi Goggo ina take kai yaran idan ina taro a kwamfuta. Ta ce, "Gindin dogon yaron maƙwabta. Guda a baya, guda a kafaɗa, har shi gama, don ya ce kada a ji kuka cikin na'urar. In mun dawo in dafa mai shayi."

Nan na gane zamana a gida ba rage mata aiki yake ba, ƙara mata yake. Kunya ta kama ni, tausayinta ya fi kunyar.

Inna ta karkaɗe zanenta ta ce, "Ashe uku take reno. Babban ya fi ba da wahala, shi ya kamata a biya wa."

Kafin mu iso Kalgo na ba Goggo haƙuri, na mayar mata da abin da na ce zan rage, na ɗora wani kashin a kai. Har yau tana tare da mu, babban jikanta ya shiga sakandare. Na koyi cewa kafin ka yanke wa mutum ladan aikinsa, ka fara ɗaukar aikin ko na wuni guda.

Yanzu ina bambance 'ya'yana daga nesa, ko ta ƙeya. Amma Goggo ba ta daina ƙunsa lallen ba. Wai saboda ko-ta-kwana.