Mista Barber da Askin Sunan Ɗana

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da na so in manta ma mutanen Al Sabkha ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwar sai wani ya leƙo daga shago ya tambaye ni ko wanzamina ya wasa askarsa.

Ga yadda abin ya faro. Ina aiki a wani kamfanin kago, masu aika kaya ƙasashe, da ke Al Warsan a Dubai, muna zaune ni da maiɗakina Hadiza a ɗan filat mai ɗaki ɗaya da falo a Al Nahda. Da Allah ya sauke ta lafiya, mahaifiyarta Hajiya Yalwa ta taso daga Kano, kuma tun a mota daga filin jirgi ta sanar da abin da ya kawo ta: da zarar fasfon jariri ya fito za ta kwashi 'yarta da jikanta su tafi gida wankan jego. A cewarta haihuwar fari ba a yin ta a ƙasar da ko murhu babu. Ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai. Na san in suka tafi ba zancen arba'in ba ne, sai yaro ya fara rarrafe kafin in sake ganinsa, ga hutuna na shekara na riga na cinye.

Sai na sunkuyar da kai yadda ake yi gaban suruka, na ce ai Hajiya babu abin da ake samu a Kano da ba a samu a Dubai. (Wannan maganar ita ce ta jawo min komai.) Ta ce to, za ta gani. Ta nemi kanwa, abokina Alhaji Ɗanlami Mai Waya, wanda ke sarin wayoyi a Al Sabkha, ya samo mana ungurnu mai kyau. Ta nemi ganyen darbejiya na wanka, na je bakin titi na karyo ina waige-waige. Rago kuwa na saya, a mayanka za a gyara shi tsaf ranar suna. Har na fara tafiya da kafaɗa a ɗage, sai ta ce saura wanzami. Kuma ba ɗan shagon da ke kunna inji yana kallon ƙwallo take nufi ba, na gado take so, wanda ya tashi ya ga ubansa da zabira. In babu shi, an gama magana, a fara neman tikiti.

Da wannan damuwa na je ofis. Akantanmu wani Bature ne ɗan Ingila, dattijo mai sanyin hali, kansa tal babu ko silin gashi. 'Yan kasuwarmu Baba suke ce masa, tunda haka sunan nasa yake fita a bakinsu, ni ma ban taɓa kula da yadda ake rubuta shi ba. Ran nan ina wucewa sai idona ya sauka kan allon ƙofarsa: Barber. Na tsaya cak don murna, ai wanzami ke nan da Turanci.

Na koma kujerata na shiga bincike a waya, abin da na gani ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Ashe sunan daga tsohon Faransanci ya shigo Ingila, tushensa kuma wata kalmar Latin ce da ke nufin gemu. A zamanin da, Turawa da sana'a suke kiran mutum, kamar dai yadda muke cewa Audu Maƙeri ko Sale Tela, daga baya sunan ya manne wa zuri'a. Abin da ya fi kashe ni shi ne aikin mutanen. Ba aski kaɗai suke yi ba, suna cire haƙori, suna tsaga su fitar da jini, suna yin 'yar tiyata. Wai ma sandar nan mai ja da fari da ake gani a ƙofar shagon aski jini da bandeji take nunawa. Na ce wallahi waɗannan wanzamai ne sak, zabira kawai suka rasa. Na kuma ga cewa sunan ya bazu a Ingila, ya tsallaka Amurka da Kanada da Ostareliya. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa ko duk wannan jama'a aski suke yi. Ni abin da na ce shi ne, kai, babban gida ne.

Na sami Mista Barber yana shan shayinsa marar sukari, na tambaye shi ko da gaske gidansu gidan aski ne. Ya ce haka aka ce, tun zamanin da babu wanda ya san ranarsa. Fuskarsa ko murmushi babu. (Daga baya na gane haka Turawan Ingila suke wasa, sai su faɗi abu fuska a murtuke su bar ka da shi.) Na gaya masa ranar Asabar muna sunan yaro, al'adarmu kuma ba ta cika sai da barber, ga shi ba mu da ko ɗaya. Ya dafa ƙirji ya ce tun da yake ba a taɓa neman wani ɗan gidansu da irin wannan girmamawa ba, lallai zai zo. Na ce ya taho da kayansa. Ya ce haba, ai ba zai zo hannu rabbana ba. Muka yi musabaha kowa yana murna, ashe kowa da abin da ya fahimta.

Da na koma gida ban iya ko cire takalmi ba. Na shaida wa Hajiya an samu wanzami, na gado kaka da kakanni, har sunan gidan nasu ke nan. Ta tambaya ko Bahaushe ne, na ce ɗan Ingila ne, kuma a can su ne gidan Sarkin Aska. (Wannan ban karanta shi ko'ina ba, daga bakina ya fito.) Na ƙara da cewa har ƙaho suna yi. Ta ce to madalla, dama bayanta ya dame ta tun zaman jirgi. Hadiza ta dube ni ta ce in dai na tabbata. Na ce mata ta bar wa masu bincike aikinsu. Alhaji Ɗanlami ma na buga masa waya na zuba masa labari, har da Latin ɗin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Ranar Asabar aka raɗa suna da safe, yaro ya ci sunan marigayi mijin Hajiya. Falo ya cika da 'yan kasuwa da abokan aiki, ana ta waina da miyar taushe. Can sai ga Mista Barber cikin kwat, riƙe da wata jakar takarda mai ƙyalli an ɗaure bakinta da zare ja. Na tare shi tun daga lifta, na shigo da shi ina buɗa masa hanya. Wani dattijo ya dubi kan nan nasa yana sheƙi ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan kam ya iya, a dubi yadda ya kwashe nasa. Ni kuwa sai gyara hula nake.

Hajiya ta fito da mayafinta, jariri a kafaɗa. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo, aka ajiye ƙwaryar da ta zo da ita tun daga Kano da ruwan ɗumi a ciki, ga sabulu, ga kason wanzami na naman rago an ware a gefe. Na nuna wa Mista Barber tabarma, ya cire takalmi ya zauna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Hajiya ta yi bisimilla ta ɗora masa yaro a cinya. Ya yi ta yi masa wasa da yatsa yana cewa kyakkyawa ne, ga gashi tubarkalla. Na fassara. Hajiya ta ce ai gashin ne ya tara mu.

Aka yi shiru ana jira. Shi ma yana jira. Da shirun ya yi yawa sai Hajiya ta ce in gaya masa ya buɗe zabirarsa, rana tana yi. Na nuna masa jakar. Ya yi murmushi ya kwance zaren a hankali, kowa ya miƙa wuya. Ya zaro wata 'yar tsana mai siffar dabba, mai laushi, da safa ƙanana guda biyu, ya miƙa wa Hajiya da hannu bibbiyu.

Ta juya 'yar tsanar gaba da baya, ta leƙa cikin jakar, sannan ta ce, "Ina askar?"

Na fassara. Ya ce wace aska? Na ce ta askin yaron. Ya dube ni, ya dubi ƙwarya, ya dubi kan jariri, sai na ga ja yana hawa daga wuyansa har tsakiyar kai. Ya ce shi ko gemunsa bai taɓa askewa bai yanke kansa ba, kan nan ma da ake kallo ba aski ba ne, da kansa gashin ya zube. Ubansa direban bas ne, kakansa a jirgin ƙasa ya yi aiki, kuma a iya saninsa babu wanda ya taɓa riƙe almakashi a danginsu sai wata gwaggonsa mai ɗinkin labule. Shi ya ɗauka wasa nake da sunansa, irin wanda ake yi masa tun yana makaranta. Yana magana yana ɗaga yaron sama-sama yana neman wanda zai karɓa, kamar an ɗora masa tukunyar da aka sauke daga wuta.

Masu jin Turanci a falon sun riga sun fara toshe baki. Hajiya kuwa ba ta ji ko kalma ɗaya ba, don haka ta juyo gare ni ta ce, "Me ya ce?" Jama'a, babu azabar da ta kai mutum ya fassara wautarsa da bakinsa a gaban surukarsa. Na yi ta kame-kame, na ce wai gadon ya ɗan yi nisa. Wani daga baya ya ce in faɗi zancen direban bas ɗin. Na faɗa. Na faɗi na jirgin ƙasa, har gwaggo mai labule ban tsallake ba, zufa tana bin bayana duk da sanyin na'ura.

Hajiya ta miƙa hannu. Ta karɓi jikanta ta gyara masa zani, ta dubi jaririn ta ce, "Ka ji ko, maigida? Sunan gidan ubanka Maidoki, amma ko jaki ban ji an ce ya taɓa hawa ba. Shi ne bai isa ya gane ba."

Falon nan ya fashe. Har daga cikin ɗaki ina jin dariyar Hadiza tana cewa wayyo cikinta. Mista Barber ya nemi a fassara masa, aka samu masu aikin sa kai har sun yi yawa, shi ma ya yi dariya har da share hawaye. Ni kaɗai ne ban yi ba, don ina kallon tikitin Kano ƙiri-ƙiri a gabana.

Ana cikin haka Alhaji Ɗanlami Mai Waya ya ajiye kwanon wainarsa, ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya ce in sauka kanti in sayo sabuwar reza. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce yalla, in yi maza, yaro zai yi kuka. Da na kawo ya zauna a tabarma, ya jiƙa kan yaron da sabulu, ya yi bisimilla, kafin a gama zuba shayi ya kwashe gashin tas, yaron ko farkawa bai yi ba. Ashe mahaifin Alhaji Ɗanlami ne Sarkin Askar garinsu, shi ne ma yake riƙe masa zabira kafin ya faɗa harkar waya. Na ja shi gefe na ce don Allah me ya hana shi gaya min tun ranar da na kira shi. Ya ce, "Ka tambaye ni? Ai cewa ka yi ka samo na Ingila. Ni ma so nake in ga yadda suke yi."

Hajiya ta ba shi kason wanzami, ta kuma cika wa Mista Barber jakarsa mai ƙyalli da waina da soyayyen nama, ta ce a gaya masa shi ba shi da laifi, yaudararsa aka yi. Da baƙi suka watse ta kira ni, na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce ta yarda, Dubai akwai wanzami, saboda haka ta fasa tafiya da su. Kafin in gama hamdala ta ƙara da cewa amma ba za ta iya barin jariri a hannun mutumin da ke miƙa shi ga duk wanda sunansa ya burge shi ba, don haka in je in ƙara mata biza. Haka na koma kwana a kujerar falo har yaro ya fara zama, ina jin su uku a ɗaki suna hira. Ban yi ƙorafi ba, don kullum da safe ni nake fara ɗaukarsa kafin in fita.

Tun daga nan na daina yi wa mutane bincike a waya, in ina son sanin abin da mutum ya iya sai in tambaye shi. Kwanan baya aka kawo mana sabon ma'aikaci daga Ingila, sunansa Mista Cook, wato kuku. Mista Barber ya leƙo ofishina fuska a murtuke ya tambaya ko muna da walima a kusa. Na ce masa a'a, na gode, da abincina nake zuwa daga gida.