Magudana Daban, Gudana Daban

Ranar Talata da safe injin wankin gidana ya shiga yajin aiki, ko wa'adi bai ba ni ba. Ya sha ruwa ya ƙoshi, ya juya kaya yadda ya saba, da aka zo wajen fitar da ruwan sai ya tsaya yana gurnani, wata 'yar jar fitila tana ƙyafta mini ido. Ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa, domin ƙa'idar irin wannan inji ita ce ba ya sakin abin da ya riƙe sai ruwan cikinsa ya fita. Wanduna biyu da farar rigata ta zuwa taro suna ciki, ina hango su ta gilashi suna iyo.

Jama'a, kada ku ce na cika kuka a kan abin duniya. Injin nan ba don ƙawa aka aje shi ba. Shekara talatin da ɗaya uwargida tana wanki da hannu, nawa da nata da na 'ya'ya biyar, har gaɓoɓin yatsunta suka kumbura suka karkace. Yanzu ko murfin kwalba sai ta kira ni. Likita ya ce ta rabu da ruwan sanyi da matsar kaya, shi ne 'yarmu ta fari ta sayo mata injin bara. Ranar da aka kawo shi uwargida ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta kalli wanki tun daga farko har ƙarshe kamar mai kallon talabijin. Na rantse a raina hannun nan ya gama shiga baho.

Don haka na naɗe hannun riga. Na fara zare shi daga wuta, tunda ban shirya barin duniya saboda wando ba. Na buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa, na tara faranti, na shimfiɗa tsummoki, na murɗo matatar a hankali. Ruwa ya cika faranti ya wuce tsummoki ya nufi falo. A cikin matatar na tarar da maɓalli huɗu, da ƙusa, da safa ɗaya da muka daɗe da yi wa ta'aziyya, da wani bajen kamfen da aka taɓa liƙa mini a ƙirji. Rubutun alkawarin ya wanke tas, fuskar ce kawai ta rage tana murmushi.

Na ce shi ke nan, an kama ɓarawo. Na ceto kayana, na wanke matata na mayar, na sake kunnawa don gwaji. Ya sha ruwa, ya juya, ya tsaya. Na jawo shi daga jikin bango na duba tiyon baya ko ya lanƙwashe, na same shi a miƙe. Na cire, na busa, iska ta wuce.

Maƙwabcina tela, wanda bai taɓa jin motsi a gidan wani ya zauna ba, ya leƙo da tef a wuya.

"Malam, wannan injin naka ai ya samu muƙami," in ji shi. "Ka ga ya iya karɓa, bai iya fitarwa ba. Ka rubuta masa takardar koke, kwafi uku."

Na ce ya koma kan kekensa, na kira mai gyara. Mutumin kirki ne, ba shi da yawan magana. Ya kara kunne a jikin injin ya saurari famfon fitar da ruwa, ya ce lafiyarsa lau. Sannan ya zare bakin tiyo daga bututun bango, ya saka a bokiti, ya danna. Ruwa ya feso da ƙarfi har ya jiƙa wa tela takalmi.

"Baba, injinka ba shi da laifi," in ji mai gyara. "Yana turawa, can gaba ne ba a karɓa. Tun yaushe ya fara jan ƙafa?"

Uwargida ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Mako uku ke nan. Da farko a hankali yake fitarwa, na yi shiru don kada Malam ya ce zai gyara."

Na yi kamar ban ji ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma na san abin da ya faru a layinmu mako uku da suka wuce. Muka bi bututu ta bayan kicin, ta ƙarƙashin katanga, har bakin titi, inda ya saba zubawa a kwata. A nan allura ta tono garma.

Ku da ke karanta ni kun san Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi. Shi ne ya zo mako uku da suka wuce ya yanke ƙyalle ya buɗe mana sabuwar magudanar ruwa, da motoci goma sha tara, aka rufe titi wuni guda, aka sa mu tafi har tafin hannu ya yi ja. Wannan ne karo na uku da aka buɗe ta, kuma ban ga laifi ba, abu mai kyau ai a yi ta buɗe shi. Sai dai a wannan karon an ga ya dace a kafa allon tarihi, na dutse mai sheƙi, da sunansa da ruwan zinariya. Allon yana buƙatar gindi. Aka zuba siminti buhu ban san adadi ba, daidai kan bakin bututun gidana, saboda a nan ne hoto ya fi kyau.

Mai gyara ya zura waya, ta daki siminti ta dawo. Ya ce da guduma da kurfi, minti goma ya isa ya huda. Tela ya riƙe masa hannu.

"Ka huda gindin sunan Mai Girma? Kana da wanda zai riƙa kai maka abinci?"

Washegari na sa farar rigata na tafi ofishin masu kula da kwatoci. Na zauna a benci daga safe har rana ta take, ina kallon fankar da ba ta juyawa. Daga ƙarshe aka shigar da ni wajen wani babban jami'i mai tebur kamar gado. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, an toshe mini bututu.

"Ka gyara kalamanka," in ji shi. "Ba a toshe ba, an inganta."

Na ce to, ranka ya daɗe, tun da aka inganta ruwa ba ya gudana.

Ya jawo wani fayil mai kauri, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi. "Karanta nan. Me aka rubuta?"

Na ce, "Magudana."

"Madalla. Magudana aka yi muku alkawari, magudana aka ba ku. Ka nuna mini inda aka rubuta gudana. Wannan wani aiki ne daban, yana zango na biyu, kuma ba a kafa kwamitinsa ba tukuna."

Na yi shekara sittin ina jin Hausa, ban san akwai katanga tsakanin kalmomin nan biyu ba sai ranar. Ashe shi ya sa muke da makaranta ba karatu, da ma'aikata ba aiki. Laifinmu ne da ba mu iya karanta alkawari ba. Na tambaye shi ko zan iya huda 'yar ƙofa a gefe da kaina. Ya ce allon dukiyar al'umma ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa al'umma. Na ce ni fa? Ya ce ni mutum ɗaya ne.

Na dawo gida da yamma, dariyar da nake shirin ba uwargida tana bakina. Na tarar da ita a bayan kicin, zaune kan 'yar kujera, baho a gabanta. Ta kama zanen gado tana son matsewa, yatsun sun ƙi rufuwa, ta sa gwiwar hannu tana dannawa. Da ta gan ni sai ta ɓoye hannun a cikin kumfa.

"Kaɗan ne, Malam," in ji ta. "Ai na saba."

Wannan "na saba" ta fi duk abin da jami'in nan ya faɗa ƙona mini rai. Na ji kunya, na ji haushi, kuma ban san wa zan kama ba. Da ita suke cin mu, su manyan. Sun san duk abin da suka zuba mana a bakin bututu za mu ce mun saba.

Na ɗauke bahon. Na juye kayan a inji, na saka bakin tiyo a babban bokiti yadda mai gyara ya yi. Tun daga ranar ni ne zango na biyu. Kowane wanki bokiti shida ne, ina ɗauka ina fita, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tunda kuma allon ya tare kwatar, babu inda zan watsa sai a jikinsa. Uwargida ta koma kujerarta a gaban gilashi, hannuwanta a bushe a kan cinya, tana yi mini sannu duk sanda na wuce.

Jiya sai ga takarda daga ofishin, da hatimi. Na ɗauka sammaci ne, tela har ya fara yi mini bankwana. Ashe yabo ne. Wai masu zagayen duba ayyuka sun lura cewa duk faɗin yankin allon layinmu ne kaɗai yake ƙyalli, sun bincika an ce wani dattijo ne yake wanke shi da ruwan sabulu sau shida a rana. An naɗa ni ɗan ƙasa abin koyi, ana kuma fatan sauran unguwanni za su yi koyi da ni.

Ni ma fatana ke nan. Na karɓi yabon hannu bibbiyu, kuma ba zan gyara musu kuskuren ba, tunda na koyi darasi a wajensu: wanki daban, ruwan wanki daban. Shekara da shekaru muna neman hanyar da dattin gidajenmu zai isa ga mai shi, ga shi yau an kafa mana sunansa a ƙofar gida, an kuma ba mu izini a rubuce.