Ranar da Na Soya Takardar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta dangin matata ba za su bari ba, da ranar da na soya takardar surukina. Har yau in na tuna sai in ji raina yana tafasa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na nemi wanda zan ɗora wa laifin na rasa.

Lokacin ban daɗe da buɗe ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Tudun Wada, cikin Gusau ba. Na sayi injin laminatin na hannu, wannan da ke lulluɓe takarda da leda, a wajen abokina Bala da ya rufe shagonsa a Tsafe. Ranar da ya miƙo min shi ya fara yi min bayanin yadda ake aiki da shi, na katse shi. (Injin da bai wuce matashin kai ba, wane karatu ke cikinsa? Ka cusa ta nan, ta fito ta can.)

Surukina, Baba Malam, tsohon malamin firamare ne a Bungudu, mutum mai sanyin magana da kaifin harshe. Ya shigo Gusau saboda tantancewar 'yan fansho da za a yi washegari, sai ya biyo ta shagona a yi masa fotokofin takardarsa ta kammala makarantar horon malamai. Damina ce, yayyafi ya taɓa shi a kan babur daga tasha, har takardar ta ɗan yi danshi a cikin ambulan. Na ji sanyinta a hannuna, na share.

Na ce, "Baba, ai takardar nan ta tsufa. Bari in sa mata leda, ko kogi ta faɗa babu abin da zai ci ta."

Ya ce, "A'a Malam, bar ta hakanan. Takardar ga ta girme ka, kuma ba ta taɓa kawo min kuka ba."

Na nace. Akwai mata biyu zaune a benci suna jiran aikinsu, ni kuma ina so a ga cewa tsohon nan bai ba wa sakarai 'yarsa ba. Kunya ta sa ya sakar min. Fotokofin da ya zo yi kuwa, ko shi ban tsaya na yi ba tukuna. Na kunna inji, na zura takarda a leda, na tura nan take.

Abin da ya fito ta baya ba takarda ba ce, ido ne mai yana. Fari fat, dishi-dishi, sunan Baba Malam yana can ciki kamar mutum a bayan labule. Hatimin ma sai ka ƙura ido.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na zaro waya na kira Bala, har da buɗe sifika don kowa ya shaida cewa zaluntata aka yi.

"Bala, ka ci amanata! Mataccen inji ka sayar min, ga shi ya lalata takardar babban mutum! Wallahi yau sai na zo Tsafe na dire maka kayanka!"

Ya bari na gama zuba, sannan ya ce, "Wace fitila ce ke kunne a jikinsa?"

Na duba. "Ja."

"To ai bai yi zafi ba, sai ta koma koriya. Gam ɗin ledar ne bai narke ba, shi ne hazon da ka gani. Abin da na so in gaya maka ke nan ka ce ka iya. Ka bari ya ɗau zafi, ka sake bi da ita a hankali. Amma tsaya, a bushe take ko? Don in da danshi..."

Na kashe wayar. Ɗaya daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Na ce zafi ake so ko? Na murɗe abin zafin har ƙarshe, kamar shi ya yi min laifi. Koriyar fitila tana kamawa na sake cusa takardar. Baba Malam ya ɗaga hannu zai yi magana, na ce, "Baba kwantar da hankalinka, yanzu za ka ga aiki."

Ya ga aiki kuwa. Wari ya fara tashi. Danshin nan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, ledar ta yi ta kumbura ƙuraje-ƙuraje. Bakinta ya lanƙwashe ya naɗe a jikin rolar da ke jan takarda a ciki, injin ya hau gurnani. Na kama gindin takardar ina ja, shi ma yana ja. Sai da na zare wuta, na kwance murfin da sukuddireba, ina gumi ina tsaki, sannan na ɓanɓaro ta. Ta fito a yamutse, gefe ɗaya ya yi ja, sak ganda.

Baba Malam ya sa tabarau, ya karɓa, ya juya gaba ya juya baya. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Cewa ya yi, "Malam, ka ce ko kogi ba shi cin ta. Ashe wuta ka tanadar mata."

Matar nan mai dariya ta tattara takardunta ta ce, "Bari in je in dawo." Har yau tana hanya.

Washegari dole na raka shi wurin tantancewa, don in aka ƙi karɓa, abincin gidansa ne na ƙone. Layi cike da tsofaffi. Da aka zo kansa, ma'aikacin ya ɗaga takardar da yatsu biyu, ya kai ta saitin taga.

"Baba, gobara aka yi a gidanka?"

"A'a, suruki gare ni. Ga shi nan tsaye."

Tsofaffin nan, waɗansu ko haƙori babu, suka kwashe da dariya. Wani har da matsowa ya leƙa fuskata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya taimake ni, sunansa da lambarsa da rabin hatimi sun tsira a tsakanin ƙurajen. Aka ajiye mu gefe, aka tono tsohon fayil ɗinsa aka gwada, sai bayan la'asar aka sallame mu. Duk zaman nan carbinsa kawai yake ja.

Na koma gida ina jiran matata ta lallashe ni. Ta tarbe ni da tambayar ko in soya mata katin asibitinta, tunda man ya riga ya yi zafi. Labari kuma ya riga ni isa Bungudu. In na je gaisuwa yanzu, ƙannenta sai su ce, "A ɓoye takardu, ga Mai Tuya nan." (Ina murmushi, amma Allah ya san abin da ke raina.)

Yau kam na iya aikin, sai dai da tsada na saya. Ba na tura komai sai fitila ta koma koriya, kuma sai na fara gwadawa da takardar banza. Takarda mai danshi, ko wadda tawadarta ba ta bushe ba, sai ta sha iska. In leda mai kauri ce in ɗan ƙara zafi kaɗan-kaɗan, ba murɗawar mai jin haushi ba. In hazo ya fito a busasshiyar takarda, in sake bi da ita ya washe. In kuwa takardar asali ce da babu irinta, kofinta nake lulluɓewa, ita kuma in mayar wa mai ita da hannu biyu.

Abin da na gane dai shi ne, inji sai ya yi zafi yake aiki, mai inji kuwa sai ya huce. Ni ranar nan juya abin na yi.