Ranar da Na Zama Babban Baƙo Mai Jawabi

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma haɗa da addu'a, don ban tabbata an daina nemana ba. Ni ɗin nan, mai gyaran fanka da dutsen guga, na yi jawabi a taron tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Da makirfo, har da tafi!

Surukina tsohon soja ne. Mu Baba muke ce masa, abokansa kuwa har gobe Kofur suke kiransa. Duk shekara sai ya goge lambobinsa ya tafi taron nan. Bana ƙafa ta matsa masa, sai uwargida ta ce tunda ya bi abokansa ya tafi tun da safe, in bi bayansa in dawo da shi gida.

"Kuma kada ka je ka ba mu kunya da rigar nan mai warin giris," in ji ta.

Na leƙa wurin maƙwabcina tela, ya ara mini wata babbar riga da wani ƙusa ya ba da ɗinki bai zo ɗauka ba. Rigar ita kaɗai ta isa ta yi gyaran murya.

Sai layin mai. Na yi ta tura babur har rana ta take, ina isa bakin famfo aka ce ya ƙare. Masu girma sun sha yi mana alkawarin mai zai wadata, kuma ya wadata, a cikin jawabansu. Ina nan tsaye sai ga wani direba da nake gyara wa fanka, ya ɗauko baƙar motar maigidansa daga wanki. Na jingine babur wurin mai faci, ya rage mini hanya har ƙofar filin.

To ku duba: na makara, ga babbar riga, ga baƙar mota. Wace shaida kuma ake nema? Sojan bakin ƙofa ya ƙame ya sara mini. Mai gabatar da taro ya sheƙo yana haki.

"Ranka ya daɗe, kai ne wakilin?"

Na zaci wakilin iyali yake nufi. Na ce, "Ni ne. Uwargida ce ta turo ni."

"Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya!" Ya kama hannuna sai kujerar gaba.

A nan na fahimci zancen. Babban baƙo mai jawabi, Mai Girma Gagarabadan Yanke Ƙyalle, yana wani muhimmin aiki na hutawa, ya wakilta wani. Wanin ya wakilta wani. An kai inda babu wanda ya san fuskar wanda ake jira. Aikin babban baƙo, in ba ku sani ba, shi ne a jira shi. In ya iso ya gaishe da duk mai tumbi da sunansa da sarautunsa, ya karanta abin da wani ya rubuta masa, ya yi alkawarin ba za a taɓa mantawa da gwarazanmu ba, sannan ya shiga mota ya fara mantawa tun kafin direba ya sa giya.

Muna cikin rumfa, kujeru masu laushi, ruwa mai sanyi, fanka na kaɗawa. Can tsakiyar fili kuwa tsofaffin sojoji ne da matan mamata a tsaye cikin rana, an ce kada su motsa sai baƙo ya iso. An riga an ɗauke wani tsoho da jiri ya kayar. Na hango Baba ya dogara sanda, yana tangaɗi, leɓensa ya bushe. In ya faɗi, me zan je in gaya wa 'yarsa?

Ban gama tunani ba na ji ana kwarara mini kirari a lasifika: masani, haziƙi, abin koyi. Ni kaina sai da na waiga in ga mutumin. Aka danƙa mini makirfo. Baba ya ƙura mini ido, baki buɗe.

Na ce, "A madadin wadda ta aiko ni, kuma kun san ba a yi mata musu, iyayenmu su shigo rumfa su zauna. Mu masu ƙafa lafiya mu ba su wuri. Na gama."

Fili ya ɗauki tafi. Manya suka kalli juna. Kai, manyanmu akwai biyayya, in dai suna zaton wani babba yana kallo! Wani mai rawar wuya ya miƙe har yana karkaɗe wa wata tsohuwa kujera. Baba ya zauna kusa da ni, ya shanye ruwan wani mai girma, ya ce a hankali, "Ja'iri. Rigar wa ka sato?"

Aka busa begila, wuri ya yi tsit. Na ji Baba yana kiran sunayen abokansa ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa. Nan dai na bar wasa, na sunkuyar da kai.

Sai jiniya. Wakilin gaske ya iso da jawabi mai kaurin matashin kai. Mai gabatarwa ya juyo yana nemana da jajayen idanu.

"Tuɓe," in ji Baba. Ya naɗe rigar ya zauna a kanta. Ni kuwa na tsuguna gindin fanka da 'yar singileti ina taɓe-taɓe. Mai gabatarwa ya zo ya tsaya a kaina.

"Kai mai gyara, ba ka ga wani babban mutum ya wuce nan ba?"

"Ranka ya daɗe, yau tun safe ban ga babban mutum ba."

Wakili ya fara karatu, tsofaffi suka fara gyangyaɗi a inuwa, manya suna tsaye a rana don kunya ta hana su tayar da kowa gaban masu ɗaukar hoto. Bai gama gaisuwa ba manyan da rana ta ishe su suka fara tafi. Ya buɗe shafi, tafi. Ya buɗe baki, tafi. Dole ya naɗe takardarsa ya yi godiya.

Na kawo Baba gida lafiya a motar haya, yana ta ƙyaƙyata dariya har da tari. Uwargida ta ji labari ta riƙe baki, ta ce in an zo kamu ita ba ta san ni ba.

Saboda haka masu shirya taro, in kun ji an ce ana cigiyar wani masani haziƙi, don Allah ku ce ya tafi ƙaro ilimi waje. Mai fankar da ta lalace kuwa ya san inda shagona yake.