Saƙon da na rubuta wa Gwaggo a cikin kwamfuta

Ko zan manta komai na shekarun da na yi a shagon Gwaggo Hajiya, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Tsofaffin firinta da na'urorin kwafi take saye daga tashar jirgin ruwa, mu gyara a shagonta da ke unguwar Zongo, ta sayar. Ni ne mai gwaji, kuma a lokacin kaina ya kumbura, domin ta ce in na ci gaba da natsuwa ni za ta ba makullin sabon shagon da za ta buɗe a unguwar Adidogomé.

Kowace firinta tana da direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. In an samu matsala, manhajar gwaji ba ta magana, lamba kawai take jefo maka, kai kuma ka je ka nemo ma'anarta. Sai na ce ai ni gwani ne, bari in haɗa tawa wadda za ta juya lambobin nan zuwa Hausa. Lamba kaza, "direba bai dace ba". Lamba kaza, "na'ura ba ta amsa ba". Haka na yi wa duk lambobin da na sani, kuma abin ya yi kyau ƙwarai (ni na faɗa, ba wani ba).

Saura gurbi ɗaya, na lambar da ban sani ba. Mai hankali zai sa lambar ta fito yadda take. Ni kuwa na tuna halin Gwaggo: duk na'urar da ta yi gardama, tafin hannu take ba ta a gefe, ta ce ai kunnen ƙashi ne da ita. Ina dariya ni kaɗai na rubuta abin da na rubuta. Na ce wace lamba ce za ta zo da ban sani ba? Ko ta zo ma, Gwaggo ba ta karatun boko.

Ranar Larabar, Malam Isufu ya zo. Mutumin Nijar ne, yana da wurin kwafin takardu a unguwar Djidjolé, tare da abokiyar kasuwancinsa Madam Afi, wadda ba ta jin Hausa sai Faransanci. Firinta shida suke so. Gwaggo ta sa aka kawo musu kujeru da ruwan sanyi, ta yi ta yabona har na rasa inda zan sa fuskata. Wai ɗan ɗan'uwanta ya koya wa kwamfuta Hausa.

Ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, allo yana ta nuna "lafiya lau". Har na fara danna madannai da yatsa ɗaya ina kallon titi. Da muka zo ta biyar, sai allon ya yi ja.

Kafin in kai hannu in rufe, Gwaggo ta ce wa Malam Isufu ya karanto mata, ta ji Hausar kwamfuta da kunnenta. Bawan Allah ya gyara tabarau, ya karanta a hankali kamar mai sanarwar ɗaurin aure:

"Wannan ta fi ƙarfin masu ilimi. A kira Hajiya ta mare ta, aikin da ta iya ke nan."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Madam Afi ta ga fuskoki sun canja, ta tambayi abin da aka rubuta. Gwaggo ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Babana, fassara mata." (Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa take kirana haka, kuma ranar ne sunan ya fi yi mini nauyi.) Haka na tsaya na juya rashin kunyata zuwa Faransanci, kalma bayan kalma, da bakina.

Sai Gwaggo ta tashi, ta gyara mayafi, ta ɗora wa firintar tafi ɗaya. Ta ce in sake gwadawa. Ban san addu'ar da zan yi ba: in ta ƙi, ciniki ya lalace, in ta yi, na gama yawo. Na danna. Allo ya ce "lafiya lau". Madam Afi ta yi dariya har da riƙe ciki, Malam Isufu kuma ya ce lallai wannan ta biyar ɗin ita ya fi so. Daga baya na gano wayar da ke haɗa ta da kwamfuta ce ba ta zauna daidai ba, jijjigar ta zaunar da ita.

Bayan sun tafi na durƙusa ina ba da haƙuri. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni wace lamba ce ta fito. Na ce ban sani ba, saƙona ya rufe ta.

"To ka ji abin da ya dame ni," in ji ta. "Tsokana ai tsakanina da kai ce. Amma ka tarar da abin da ba ka sani ba, ka lulluɓe shi da wasa. In a Adidogomé ne, kai kaɗai, wa za ka kira?"

Makullin bai zo hannuna ba sai bayan wata takwas, kuma ban ga laifinta ba. Yau ina sabon shagon, muna lafiya da ita, duk Juma'a a wurinta nake cin tuwo. Manhajar ma tana nan tana aiki. A gurbin nan yanzu lambar ce ke fitowa da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinta an rubuta "ban san wannan ba, a bincika". Na ɗauka rubuta hakan zai rage mini girma, ashe ya fi sauƙi a kan fassara wa baƙuwa rashin kunyarka kana tsaye.